Waiwaye: Yadda aka gano girgizar ƙasar da ke jiran gaɓar Kaskadiya

Har zuwa farkon shekarun 1980, masana da dama na ganin gaɓar tekun arewa maso yammacin Amurka wuri ne da hankali ke kwance. Kalifoniya ce ta yi ƙaurin suna wajen girgizar ƙasa. A jihohin Oregon da Washington kuwa, tun zuwan Turawa ba a taɓa rubuta wata gagarumar girgiza da ta taso daga ƙarƙashin tekunsu ba. An san dai akwai wata tsaga a ƙarƙashin teku da ake kira Kaskadiya, mai tsawon kilomita kusan 1,000, daga arewacin Kalifoniya zuwa tsibirin Bankuba na Kanada, inda faifan ƙasa (wani katafaren yanki na ɓawon duniya) na Juan de Fuca ke kutsawa ƙarƙashin na Arewacin Amurka. Shirun da ta yi ne ya ruɗi mutane.

A 1987 masanin ƙasa Brian Atwater ya wallafa abin da ya tono a fadamun bakin tekun Washington: ƙasar da ta nutse farat ɗaya, yashin teku ya lulluɓe ta, ga kuma matattun itatuwa a tsaye waɗanda ruwan gishiri ya kashe. Daga baya, da aka ƙirga zoben da jikin itatuwan ke ƙarawa kowace shekara, sai aka ga na ƙarshe na shekarar 1699 ne.

Sauran bayanin daga Japan ya fito. Tsofaffin takardun hukuma a can sun ambaci igiyar tsunami da ta afka wa garuruwan gaɓa a Janairun 1700 ba tare da kowa ya ji ƙasa ta motsa ba. A 1996 masanin girgizar ƙasa ɗan Japan Kenji Satake da abokan aikinsa suka haɗa biyu da biyu, suka tsayar da lokacin: daren 26 ga Janairu, 1700, girgiza mai ƙarfin maki 9 ko kusa da haka. Abin da ya kamata a faɗa shi ne, 'yan asalin yankin sun daɗe suna ba da labarin daren da teku ya share ƙauye a Pachena Bay da ke tsibirin Bankuba. Ba a dai ɗauki maganarsu da nauyi ba sai da laka da takarda suka gaskata ta.

Daga nan aka shiga shiri, amma da tafiyar hawainiya. Bala'in girgizar ƙasa da tsunami na Japan na 2011 ne ya zaburar da hukumomi, domin tsagar da ta haddasa shi irin ta Kaskadiya ce. A 2016 aka buɗe makarantar firamare ta Ocosta kusa da garin Westport na jihar Washington, wadda aka gina rufinta don mutane su hau su tsira, irinta ta farko a Amurka. A 2021 tsarin gargaɗi na ShakeAlert ya fara aika saƙo zuwa wayoyi a jihohin Oregon da Washington. Sai dai daƙiƙoƙi kawai yake bayarwa. Ruwan kuma zai iya isowa gaɓa cikin minti 15 zuwa 30, shi ya sa ake koya wa mazauna cewa da ƙasa ta daina rawa su nufi tudu a ƙafa, kada su jira sanarwa. Oregon na kuma neman kowane gida ya tanadi ruwa da abincin mako biyu.

Wani abin mamaki, a 2019 majalisar Oregon ta soke dokar 1995 da ta hana gina sababbin makarantu da asibitoci a inda tsunami zai iya kaiwa. Garuruwan gaɓa sun ce dokar na tauye musu ci gaba, masana da yawa kuma suka yi tir da matakin.