Barci a Tsakiyar Teku: Tambayoyi da Amsoshi Kan Katifun Jiragen Ruwan Shaƙatawa

Mai shirin tafiya hutu a babban jirgin ruwa yakan yi ta lissafin wurin ninƙaya da tashoshin da za a yada zango. Katifa ba ta faɗo masa a rai sai daren farko, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar a kanta zai ƙare. Ga tambayoyin da fasinjoji suka fi yi a kanta.

Me ya sa ake yawan kukan cewa katifun jirgi sun cika tauri?

Saboda katifar jirgi ba ta hutawa. Fasinjoji su sauka da safe, kafin la'asar wasu sun cika ɗakunan, haka ake yi kusan duk shekara. Wannan makon siririn mutum ne a kanta, mako mai zuwa ƙato ne. Katifa mai laushi sosai ta fi saurin lotsawa a tsakiya, shi ya sa kamfanoni suka fi karkata ga mai ɗan tauri wadda za ta jure.

A duba yawan abin ma. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana da ɗakunan fasinja sama da 2,800, kuma yana iya ɗaukar mutum 7,600. Kamfanin da ke da katifu dubbai a jirgi ɗaya ba zai zaɓi wadda za a sauya duk shekara ba.

An ce har da dokar gobara a ciki. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A teku babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar wuta, don babu motar kashe gobara da za a kira. Bayan nutsewar Titanic a 1912 aka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS a 1914, kuma wadda ake aiki da ita yanzu ta 1974 ce, tare da gyare-gyaren da aka yi ta yi mata. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke da hedikwata a Landan, ita ke kula da ita. A ƙarƙashin ƙa'idojinta akwai gwaji na musamman ga kayan shimfiɗa: a ɗora sigari mai ci a kan katifa ko matashin kai, sannan a kusanto da ɗan harshen wuta kamar na ashana, a ga ko za su kama. Don haka irin soso da yadin da ake rufe katifar jirgi da su ba lallai su zama irin na katifar da mutum ya saba da ita ba, kuma jiki yakan ji bambancin.

Gadon da ke ɗakin babba ɗaya ne ko ƙanana biyu?

A yawancin ɗakuna ƙanana biyu ne da ake haɗawa su zama babba, a lulluɓe su da zanen gado ɗaya. Dabarar ita ce ɗaki guda ya dace da ma'aurata a wannan tafiya, ya dace da abokai biyu a ta gaba. Illarta ita ce kwarin da ke tsakiya, inda katifun biyu suka haɗu. Wanda ya saba kwanciya a tsakiyar gado zai ji shi a bayansa. Wasu jiragen suna da ɗan soso da ake cusawa a wurin, wasu kuma sai dai a shimfiɗa bargo mai kauri a ƙarƙashin zanen.

Haɗin yana da ɗan amfaninsa kuwa: idan ɗaya ya juya cikin dare, motsinsa ba ya kai wa ga ɗayan sosai.

Gadon da ke saukowa daga rufi da kujerar da ke zama gado fa?

Katifunsu sun fi siranta, don dole su naɗu ko su shige cikin bango da rana. Yaro ba zai damu ba. Babba mai nauyi ko mai ciwon ƙugu zai damu. Gadon sama yana da iyakar nauyin da yake ɗauka, kuma ana hawansa da tsani, don haka a tambaya tun kafin a biya ɗakin mutum uku ko huɗu.

Ai an ce katifa mai tauri ta fi kyau ga mai ciwon baya?

An daɗe ana faɗin haka, amma bincike bai goyi bayansa yadda ake zato ba. A 2003 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Sifen a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. An ba wasu katifa mai tauri, wasu mai matsakaicin tauri, aka bi su kwana 90. Waɗanda suka kwana a kan matsakaiciyar sun fi samun sauƙi.

Yadda mutum ke kwanciya ma yana da tasiri. Mai kwanciya rigingine yakan jure tauri. Mai kwanciya ta gefe shi ya fi shan wahala, don kafaɗa da ƙugu ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma katifa mai tauri ba ta barin su su ɗan nutse. Irin wannan fasinja, filo a tsakanin gwiwoyi yakan rage masa ciwo ƙwarai.

Idan katifar ba ta yi wa mutum ba, me zai yi?

Ya yi magana da mai kula da ɗakinsa, kuma ya yi tun ranar shiga. A ganina nan ne mutane suka fi yi wa kansu: su yi shiru suna jin nauyi, sai dare na biyar su fara ƙorafi, lokacin kuwa kayan da ake rabawa sun ƙare. Jirage da dama suna ajiye da siririn soso da ake ɗorawa a kan katifa don ta yi laushi, amma ba shi da yawa, wanda ya riga tambaya shi ke samu. Wasu kamfanonin ma ba sa ba da shi. Idan babu, a nemi ƙarin bargo ɗaya ko biyu a shimfiɗa ƙarƙashin zanen gado. Idan matsalar lotsawa ce ba tauri ba, a roƙa a juya katifar ko a musanya ta. Filo kuma ana iya neman mai laushi ko mai tauri, wasu jiragen har jerin zaɓi suke da shi.

Mai larurar lafiya kada ya jira sai ya shiga jirgi. Kamfanoni suna da sashen da ke karɓar irin waɗannan buƙatu makonni kafin tafiya, har da na masu kwana da na'urar taimaka wa numfashi.

Mutum zai iya tahowa da nasa kayan shimfiɗa?

Filo, babu laifi. Soson ɗorawa kuma ya danganta da dokar kamfani, sannan ga wahalar ɗauka. Bargo mai aiki da lantarki da sauran abubuwan da ke fitar da zafi galibi an hana su, saboda wannan tsoron gobarar dai.

Wurin da ɗaki yake a jirgi yana da ruwa da barci?

Sosai ma, wani lokaci ya fi katifar kanta. Jirgi yana motsi iri biyu: tangaɗi daga gefe zuwa gefe, da ɗaga goshi da saukewa. Manyan jirage suna da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗin gefe, amma ba su iya yi wa ɗaga goshi komai sosai. Kamar lilon katako ne na yara: bakinsa biyu suna sama suna ƙasa, tsakiyarsa kuwa da ƙyar take motsi. Don haka ɗakin da ke tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, shi ya fi natsuwa, kuma shi ya dace da mai saurin jiri ko tashin zuciya.

Ɗakunan gaba suna jin dukan igiyar ruwa, da ƙarar sarƙar anga da asuba a tashar da jirgi ke tsayawa nesa da gaɓa. Na baya suna jin karkarwar farfela, musamman lokacin shiga tasha. Wasu na cewa wannan karkarwar ce ma ke sa su barci, wasu kuma ta hana su runtsawa. Sai batun maƙwabta na sama da na ƙasa: ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninƙaya zai ji jan kujeru da sassafe, wanda ke kan zauren kiɗa zai ji ganga har tsakar dare. Kowane kamfani yana wallafa taswirar hawa-hawa na jirginsa. A nemi ɗakin da samansa ɗakunan kwana ne, ƙasansa ma haka.

Ɗakin da ba shi da taga duhunsa dunɗum ne, barci yakan yi nauyi a ciki, sai dai mutum yana iya farkawa bai san ko gari ya waye ba.

Idan an kasa barci a daren farko, laifin katifa ne?

Ba lallai ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun nuna cewa a daren farko a baƙon wuri, ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa ba ya nutsewa cikin barci kamar ɗayan, yana nan yana sauraron ƙara. A dare na biyu abin yakan daidaita. A nemi soson tun ranar farko don kada ya ƙare, amma hukunci kan katifa a bari sai an kwana biyu.

Akwai kuɗin cizo?

Yana iya shiga duk inda matafiya ke sauyawa, a jakunkuna yake zuwa. Kafin a kwance kaya a ɗaga zanen gado a duba ɗinkin gefen katifa. Idan an ga ɗige-ɗige baƙaƙe, a sanar nan take.

Kamfanonin da ke tallar gadonsu fa, a yarda da su?

Wasu sun mai da gado abin gasa. Princess suna da gadon da suka ƙera tare da masanin barci Michael Breus, Holland America suna kiran nasu Mariner's Dream, Oceania kuma Tranquility. Akwai ma waɗanda ke sayar da irin katifarsu ga fasinjan da ta yi wa daɗi. Kayan suna da kyau, ban musa ba. Amma sunan ba ya gaya maka shekarar da aka sa katifar da ke ɗakinka. Duk bayan 'yan shekaru ana kai jirgi tashar gyara a fitar da shi daga ruwa, kuma sau da yawa a lokacin ne ake sabunta kayan ɗakuna. Tsohon jirgin da bai daɗe da fitowa daga gyara ba yana iya fin wanda bai kai shi shekaru ba daɗin kwanciya. Kafin a biya, a tambayi wakilin tafiya yaushe aka yi wa wannan jirgin gyara na ƙarshe, kuma ko gyaran ya taɓa ɗakunan kwana.