Ba a haramta farauta ba: ga abin da dokar namun daji ta hana

Tun da Majalisar Dattawa ta amince da sabon ƙudurin kare namun daji a watan Oktoban 2025, saƙonnin murya suke ta yawo a WhatsApp. Wai an soke farauta a Najeriya, wai duk wanda aka gani da naman daji shekara goma zai sha, wai ko zomo yaro ya rataya sai ubansa ya biya miliyoyi. Masu turawa ba su karanta komai ba, masu saurare kuma sun tsorata.

Shekara goman nan daga ƙudurin ta fito, kuma ƙololuwar hukunci ce da aka tanada saboda masu fataucin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Ƙuduri kuwa ba ya zama doka da amincewar majalisa kaɗai, sai shugaban ƙasa ya sa masa hannu. Dokar da kotuna suka daɗe suna aiki da ita tsohuwa ce: doka mai lamba 11 ta 1985, wadda gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa don cika alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa. Shi ɗin dai ya sa hannu a gyaranta a ƙarshen 2016, yana shugaban farar hula.

Dokar ba ta ce kada a yi farauta ba. Jerin sunaye biyu ta kawo. Na farko na dabbobin da aka hana harbinsu, kama su ko cinikinsu kwata-kwata, irin su zaki, damisa, raƙumin dawa, ayu, kada da ɗankunya (dabbar nan mai ɓawo a jiki, mai cin tururuwa). Na biyu na waɗanda ba a taɓawa sai da lasisi. Ta shafi maharbi, dillali, mai banda, baduku, ɗan magori da mai fitar da kaya waje. Zomo, gafiya, gyazbi da kurege, waɗanda su ne yawancin abin da 'yan farautar rani ke dawowa da shi, wannan dokar ba ta da magana a kansu.

Abin da zai ba mutanenmu mamaki shi ne mesa, guza da damo ma suna cikin dabbobin da dokar ta lissafa. Damon da ake kamawa a bayan gari a yi farfesunsa, ba wanda ke kallonsa da idon zaki, amma takarda ta saka shi. Dalilin kuwa fata ne: an daɗe ana jeme fatun waɗannan dabbobi ana ɗinka jaka da takalmi ana fita da su waje.

Sai maganar hukunci, inda ruɗanin ya fi yawa. A 1985 tarar wanda ya taɓa dabbar jeri na farko naira 1,000 ce, ta jeri na biyu naira 500. Haka aka bar su har shekara talatin da ɗaya, har kuɗin suka zama abin dariya. Gyaran 2016 ya mayar da ta farko naira miliyan 5, ta biyu naira miliyan 1. Wannan ga laifin farko ne. Wanda ya sake, babu zaɓin tara: ɗaurin shekara ɗaya a jeri na farko, wata shida a na biyu. Kotu kuma tana iya ƙwace abin da aka kama.

Ga kalmar da ke kama mutane: sashen hukuncin bai tsaya a kan wanda ya harba ba. Ya haɗa da wanda ya yi ciniki da wanda aka samu abin a hannunsa. Wato "ba ni na kashe ba, saya na yi" ba ta fid da kowa. Matar da ke banda a bakin titi, idan aka tarar da kyafaffiyar mesa a kan wayar bandarta, ita doka za ta tambaya, maharbin da ya kawo mata ya riga ya koma daji. Haka mai shimfiɗa kayan magani ranar kasuwa, da ɓawon ɗankunya ko guntun fatar damisa a gabansa. Ba sai an ga dabbar da rai ko cikakkiya ba. Ɓawon ɗankunya kusan tan huɗu da hukumar kare muhalli ta NESREA ta ƙona a Abuja a Oktoban 2023, da hauren giwa tan biyu da rabi da aka niƙe a Janairun 2024, duk sassan jiki ne.

A nan nake ganin dokar ta yi kuɗin goro. Mutumin ƙauye da aka samu da damo ɗaya da attajirin da ya cika kwantena da ɓawon ɗankunya zai tura Asiya, sashe ɗaya ne ya hau kansu. Miliyan biyar ga na farko gonarsa ce da gidansa. Ga na biyu, kuɗin sallama ne da ba zai ji fitarsu ba, kuma a laifin farko wannan sashen bai kai shi kurkuku ba. Gibin da sabon ƙudurin yake neman toshewa ke nan, shi ya sa ake jin shekara goma. Ƙari a kan haka, jerin sunayen da Turanci da Latin aka rubuta shi. Sarkin baka nawa ne aka taɓa zaunar da shi aka karanta masa da Hausa? A hukunta mutum a kan sunan da bai taɓa ji ba, ko doka ta yarda, zuciya ba ta kwanta da shi ba.

Akwai kuma sashen da ba a cika ambata ba, na hanyoyin farauta. Wajen neman dabbobin da dokar ta lissafa, an hana amfani da guba ko makami mai dafi, an hana kora da mota, an hana wuta, an hana bindiga mai sarrafa kanta, an hana farautar dare, da duk wata hanya da ke hallaka dabbobi rututu. Wani zai ce tunda gafiya yake nema, wannan bai shafe shi ba. A takarda yana da gaskiya. Amma wanda ya cinna wa ciyawa wuta a watan hunturu ba shi ke zaɓa wa wutar abin da za ta ci ba, mai tocila a goshi kuma ƙyallin ido kawai yake gani kafin ya ɗana. Maharbin da ya iya bin sawu da rana ya san abin da yake bi tun daga kofato da kashi, don haka shi ya fi kowa nisa da wannan sashen. Hanin ƙona daji kam ban ga abin kuka a cikinsa ba, ko makiyayi da mai gona za su faɗi haka.

Duk wannan bayanin a wajen gandun daji ne. Cikin Kamuku, Gashaka-Gumti ko Kainji, dokar gandayen ƙasa ta 1999 ce ke aiki, kuma a can ko zomo ka harba ba izini ka yi laifi. Yankari tana hannun jihar Bauchi tun 2006, da tata dokar. Jihohin Arewa da dama kuma suna da dokar namun daji da suka gada daga ta 1963. Bindigar toka ita ma tana buƙatar lasisin 'yan sanda, wannan wata doka ce daban.

Masu cewa ai gwamnati ta taɓa hana naman daji, abin da suke tunawa sanarwar Ma'aikatar Noma ta Tarayya ce a 2022, lokacin ƙyandar biri, da ta ce maharba da dillalai su dakata. Gargaɗin lafiya ne na lokacin annoba, bai canja ko layi ɗaya a dokar 1985 ba.

Ga masu saye da masu banda, wahalar ita ce nama idan aka daddatsa shi ya sha hayaƙi, ba mai iya rantsuwa a kan ko na mene ne, har da jami'in da ya zo bincike. Kada ki karɓi nama daga hannun maharbi sai da kai ko ƙafa ko fata a jikinsa, ki kuma bar su a jiki har ki sayar.