Fim ɗin ɗalibai da wayar hannu: tambayoyin da ake yawan yi mini a Garwa

Duk lokacin da aka ba ɗalibai aikin haɗa gajeren fim, sai in riƙa samun tambayoyi daga nan Garwa, daga Marwa, har da Ngaundere a arewacin Kamaru. Kusan duk iri ɗaya ne, shi ya sa na tattaro su.

Ba mu da kyamara sai waya. Za ta wadatar?

Za ta wadatar. Ku kwantar da ita a kwance, ku saita ingancin hotonta a 1080p, domin 4K ya ninka shi sau huɗu a yawan ɗigon hoto, zai cinye muku memori ya kuma wahalar da kwamfuta. Ku goge gilashin kyamarar kafin kowace ɗauka, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke hawa komai. Kada ku jawo hoto da yatsa. Ku taka ku matsa kusa. Ku kuma kashe layi, kada kira ya shigo ana tsakiyar wasa.

Me ya sa hoton da muka ɗauka a ɗaki yake ta ƙyaftawa?

Wutar lantarki a Kamaru da Cadi tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwan lantarki kuma yana bin wannan bugun ko da ido bai gani ba. Yawancin wayoyi suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya fi dacewa da wutar Amurka mai juyi 60. Ku mayar da taku kan hoto 25, saurin buɗewar idon kyamara kuma 1/50 na daƙiƙa. In kyamarar wayar ba ta ba da wannan zaɓi ba, akwai manhajojin kyauta kamar Open Camera da Blackmagic Camera, gwargwadon irin wayar.

Ashe sauti ma sai an koya?

A nan ne nake so ku fi zuba hankali. Na taɓa kallon aikin wasu ɗalibai da suka ɗauki hirar uwa da 'yarta a wani gida kusa da kasuwa. Hoton ya yi kyau ƙwarai, wasan ma ya taɓa zuciya, amma ƙarar babura da janareton maƙwabta sun binne maganar gaba ɗaya. Sai da suka sake ɗauka. Mai kallo yakan yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da ake faɗa ba, tashi zai yi.

Maganin bai da tsada. Ku samu ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga. In babu, ku sa wata wayar a aljihun gaba na ɗan wasan tana naɗar murya. A farkon kowace ɗauka mutum ɗaya ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Wannan tafin ne zai nuna muku inda za ku haɗa murya da hoto daga baya. A ware mutum ɗaya da abin saurare a kunne, ba shi da wani aiki sai wannan, kuma a ba shi ikon tsayar da ɗauka. Kafin ku bar wurin, kowa ya yi shiru a naɗi sautin ɗakin na daƙiƙa 30, da shi ake cike giɓi wajen tacewa.

Waya tana yin zafi ta daina ɗauka. Yaya za mu yi?

A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Garwa da Marwa. Ku cire mata riga, ku ajiye ta a inuwa tsakanin ɗauka, kada ku ɗauka tana caji. Mafi kyau ku yi aikin waje da sassafe zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Ranar tsaka tana jefa inuwa a ramin ido. In dole ne, ku shiga ƙarƙashin darbejiya, wani ya riƙe farin kwali yana mayar da haske kan fuska.

Da me za mu tace?

CapCut ya isa a waya. DaVinci Resolve kyauta ne amma yana son kwamfuta mai ƙarfi. Shotcut da Kdenlive sun fi sauƙi ga tsohuwar kwamfuta. Ku zaɓi ɗaya ku zauna a kansa har ku gama. Kowane dare a kwafe aikin ranar a wuri biyu daban, kuma a riƙa adanawa a kai a kai saboda ɗaukewar wuta. In za ku tura wa juna ta WhatsApp, ku tura a matsayin takarda (document), in ba haka ba zai matse hoton ya rage masa inganci.

'Yan wasanmu suna Hausa da Fulatanci. Fassarar ƙasan allo fa?

Ku bar su su yi harshensu, haka muke magana a gida da kasuwa. Ku sa fassarar Faransanci a ƙasa, layi biyu kawai a lokaci guda. In kuma za ku rubuta Hausa ko Fulatanci, ku gwada haruffan ɓ, ɗ da ƙ tun da wuri, domin wasu salon rubutun suna mayar da su akwatuna. Noto Sans yana ɗauke da su, fayil ɗin fassarar kuma a adana shi a tsarin haruffa na UTF-8. Ku ajiye kwafi ɗaya na fim ɗin marar rubutu a jikinsa, fassarar tana gefe daban. In wata rana kuka so tura shi bikin fina-finai na Écrans Noirs a Yawunde, ko FESPACO na Wagadugu da ake yi tun 1969, sai ku ƙara wani harshen kawai ba tare da sake tacewa ba.