Wai makaranta ce ke koya wa yara kutse? Ga abin da dokar Ingila ta ce

Kwana biyun nan wata magana na ta yawo tsakanin iyaye masu yara a makarantun Ingila, wai gwamnati ta tilasta a koya wa yara kutse cikin kwamfutar mutane da sunan darasin netwok, wato haɗin kwamfutoci da juna, wasu kuma suka ce a'a, ai duk yaron da ya yi nisa a wannan karatun 'yan sanda na iya ɗauke shi. Duka biyun ba haka ba ne. An cakuɗa abu biyu ne, manhajar karatu daban, dokar kutse daban.

Manhajar dai an tsara ta zamanin Michael Gove na ministan ilimi, ta fara aiki a Satumbar 2014, aka cire tsohon darasin ICT, wato fasahar bayanai da sadarwa, aka kawo darasin kwamfuta a madadinsa. Ta hau kan makarantun gwamnati na Ingila da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi, lokacin da aka kawo ta ba a ɗaure makarantun akadami masu cin gashin kansu da na kuɗi da ita ba, Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kuma kowa da tasa. Kuma dan Allah a daina cewa uba na da ikon cire ɗansa daga darasin, wannan damar ta darasin addini ce da na ilimin jima'i, kwamfuta ba ta ciki.

To me aka ce a koyar? Yaro ɗan shekara 7 zuwa 11 ya gane mene ne netwok, har da intanet, ya san cewa shafukan yanar gizo ɗaya ne kawai cikin ayyukan da ke tafiya a kanta. Daga 11 zuwa 14 ya san sassan kwamfuta da yadda suke magana da juna da kuma da wasu na'urori. Shi ke nan fa. Babu wurin da aka ce a nuna masa yadda zai ɓalle fasuwod ɗin wani. Kuma kalmar netwok ɗin ma ba ta kwamfuta kaɗai ba ce, a ajin lissafi ɗigo-ɗigo ne da layukan da suka haɗa su, asalinsa tun 1736 da masanin lissafi Euler ya nuna cewa gadoji bakwai na garin Königsberg ba za ka iya tsallaka kowacce sau ɗaya tak a tafiya guda ba. Masu zurfafa lissafi a manyan azuzuwa suna koyon dabarar Dijkstra ta gano hanya mafi gajarta tsakanin wuri biyu. A kimiyya kuma taswirar wa ke cin wa ce tsakanin dabbobi da tsirrai. Yanzu wannan ne kutse?

Inda ya kamata hankalin iyaye ya tafi shi ne ɗaya dokar, Computer Misuse Act ta 1990, wadda ta shafi Birtaniya gaba ɗaya. Dalilin yinta ma abin dariya ne, a shekarun 1980 wasu mutum biyu, Robert Schifreen da Stephen Gold, suka shiga tsarin saƙonni da bayanai na Prestel na kamfanin sadarwa na BT har suka leƙa akwatin saƙon Yarima Philip, aka kama su da dokar jabun takardu, a 1988 kotun ƙolin ƙasar ta lokacin ta ce wannan dokar ba ta hau kansu ba, suka tafi abinsu. Sai majalisa ta zauna ta toshe ƙofar.

Sashe na 1 shi ne mai rikita mutane. Laifin shi ne ka sa kwamfuta ta yi wani aiki da niyyar isa ga bayanan da ka san ba a ba ka izini ba. A lura da kyau, ba sai ka saci komai ba, ba sai ka ɓata komai ba, kai ba ma sai ka samu shiga ba, gwadawar kanta ta isa. Yaron da ya hango fasuwod ɗin malaminsa ya shiga don ya leƙa maki, ko ya yi ta cankar na abokinsa cikin wasa, a rubuce ya faɗa cikin wannan sashen, kuma hukuncin na iya kai ɗaurin shekara 2. In da niyyar aikata wani laifin aka shiga, kamar damfara, ya kai 5. In an lalata ko an hana kwamfuta aiki, irin yadda yara ke tura cunkoso su durƙusar da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan gem, ko ta makaranta, sashe na 3 ne, har shekara 10. A 2015 aka ƙara wani sashen na ɓarna mai girma, shekara 14, in ta taɓa rayuka ko tsaron ƙasa ɗaurin rai da rai.

Amma waɗannan lambobin rufi ne, wato ƙarshen abin da alƙali zai iya yankewa, ba abin da ake yi wa kowane yaro ba, kuma yara kotunsu daban. Masu tura saƙon tsoro su lambar kawai suke ɗauka su bar wannan.

Shi kuma malamin da ya haɗa kwamfutoci a aji ya ce yara su bi diddigin yadda saƙo ke tafiya daga wannan zuwa waccan, ba laifin da ya yi, su ma haka, don kayan na makaranta ne kuma mai iko da su ya yarda. Aikin da aka yi a aji da izini, in yaro ya koma gida ya yi shi a waifai ɗin maƙwabci ba tare da saninsa ba, a nan ne ya zama laifi.

Ni dai inda abin bai kwanta min ba shi ne, a Ingila daga shekara 10 doka na iya kama yaro da laifi, amma takardar manhajar ko sunan wannan dokar ba ta ambata ba, iyakacinta a yi amfani da fasaha cikin aminci da mutunta mutane. An fi samun dokar ɓaro-ɓaro a karatun GCSE, jarrabawar 'yan shekara 16, na kimiyyar kwamfuta, wanda zaɓi ne, ba kowa ke ɗauka ba. Sannan dokar ba ta ware mai kyakkyawar niyya ba, yaron da ya gwada ƙofar tsarin makaranta don ya gaya wa malam akwai ɓaraka, a takarda sashe ɗaya suke da mai mugun nufi, ƙwararrun tsaron intanet sun daɗe suna kuka da wannan. Hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya, NCA, na da shirin Cyber Choices, inda iyaye ko malamai ke iya miƙa sunan yaron da aka ga ya fara leƙe-leƙe, jami'ai su zauna da shi su nuna masa iyakar doka da wuraren da zai gwada gwanintarsa da izini kafin maganar ta kai kotu.