Dokar Ƙafa a Waƙa: Awon Girkawa da Yadda Ingilishi Ya Sauya Mudu

Duk ɗalibin da ya zauna ajin adabin Turanci ya gamu da "ƙafa" a darasin waƙa. Da yawa haddace sunayen suke yi su wuce, kunnensu bai kama komai ba. Abin yana damuna, domin in aka faro wa Bahaushe dokar daga tushe, ya fi Baturen Ingila saurin jin ta.

Tushen a Girka yake. A wurin Girkawa, da Rumawan da suka aro daga gare su, gaɓa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. Gaɓa tana yin nauyi in wasalinta dogo ne, ko tagwai, ko kuma baƙi ya rufe ta. Haka Hausa take, sak. Ƙafa kuwa ɗan ƙulli ne na gaɓoɓi biyu ko uku da ake maimaitawa har ɗango ya cika. Ka ce "gida", marar nauyi sai mai nauyi: iyamb ke nan. "Audu" ya juya ta, shi ne tiroki. "Sarki" nauyi biyu ne a jere, sifondi. "Sakkwato" da "Zariya" mai nauyi ɗaya ce da marasa nauyi biyu, wato daktil, wadda a Girkanci yatsa take nufi. Dubi ɗan alinka, za ka ga gaɓa doguwa ɗaya da gajeru biyu.

Karin da Homer, mawaƙin Girkawa, ya rera yaƙin birnin Troy da shi, wanda Virgil, mawaƙin Rumawa, ya bi a harshen Latin kafin rasuwarsa a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, yana da sharuɗɗa bayyanannu. Ƙafa shida a kowane ɗango. A huɗun farko mawaƙi yana da zaɓi, daktil ko sifondi, domin doka ta ɗauki marasa nauyi biyu daidai da mai nauyi ɗaya. Ta biyar kusan kullum daktil ce. Ta shida gaɓa biyu ce tak, kuma ta ƙarshen an yafe mata, ko da wane nauyi ta zo. Shi ya sa ɗango yakan tashi daga gaɓa 13 zuwa 17, amma lokacin furta shi bai sauya ba. Wanda ya karanta aruli, wato ilimin awon waƙar Larabci, ya san irin wannan rangwame, domin Halilu ɗan Ahmad na Basra ma da nauyin gaɓa ya auna waƙar Larabawa, ya kuma ba da izinin zihafi, wato ɗan sauyi a ƙafa, a wuraren da ya iyakance.

Da aka zo Ingila sai aka riƙe sunayen, aka sauya mudun. Turanci ba ya awo da tsawon gaɓa. Abin da kunnen Bature yake ji shi ne wace gaɓa aka danna da ƙarfi, wace aka sassauta. Saboda haka iyamb a can sassauci ne sai dannawa. Iyamb biyar, gaɓa 10, su ne ɗangon da mawaƙin Ingila Chaucer ya kafa kafin ya rasu a 1400, Shakespeare ya cika wasanninsa da shi, Milton kuma ya rubuta doguwar waƙarsa ta 1667 da shi ba amsa-amo. Nan ma akwai rangwame. An yarda a juya ƙafar farko ta zama tiroki, an yarda da ƙarin gaɓa sassauƙa a ƙarshe, ɗango ya zama 11. Abin da ba a so shi ne a yi ta juya ƙafafu har bugun nan biyar ya ɓace wa mai sauraro.

A nan ɗalibanmu suke tuntuɓe: suna neman dogon wasali inda ya kamata su saurari dannawa. Ba su kaɗai ba ne. Wasu mawaƙan Ingila na zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko sun so su dawo da awon Rumawa cikin Turanci. Thomas Campion ya kare ra'ayin a rubuce a 1602, Samuel Daniel ya mayar masa da martani a shekarar da ta biyo, mawaƙa kuma suka ci gaba da ƙirga dannawa.