Idan jirgin sama ya faɗi, wa ke bin diddigi?

Duk shekara lokacin jigilar alhazai, a cikin masu rakiya a filin jirgin Garwa ba a rasa mai tayar da wannan zance. Ga abin da aka fi tambaya.

Wa ke da alhakin bincike?

Ƙasar da hatsarin ya auku a cikinta, kamar yadda ƙa'idar ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ta tanada. Ƙasar da jirgin ke da rajista da wadda ta ƙera shi kuwa suna da damar turo wakilai. Ranar 5 ga Mayu 2007 jirgin Kenya Airways ya faɗa cikin fadamar Mbanga Pongo jim kaɗan bayan tashinsa daga Duwala, mutum 114 suka rasu. Kamaru ce ta ja ragamar binciken, Kenya da Amurka suka shigo, tunda jirgin na Kenya ne kuma ƙirar kamfanin Boeing na Amurka.

Mene ne baƙin akwati?

Launinsa ruwan goro ne, don a hango shi cikin tarkace. Kuma guda biyu ne: ɗaya yana naɗar muryoyin matuƙa, ɗaya yana adana gudun jirgi da tsayinsa da motsin injuna. Ba kowace ƙasa ke da ɗakin karanta su ba. Da jirgin Habasha ya faɗi a 2019, BEA, hukumar binciken hatsarin jiragen sama ta Faransa, aka kai wa nasa.

Me ya sa ake daɗewa haka?

Rahoton farko ana son shi cikin kwana 30, na ƙarshe cikin wata 12, amma na Duwala bai fito ba sai 2010. Ya nuna cewa dare ne mai duhu da hadari, na'urar tuƙi da kanta ba ta kama aiki ba alhali matuƙin yana zaton ta kama, jirgin ya yi ta karkata dama har matuƙan suka kasa gane inda suka dosa. Shekara uku jira ne mai nauyi ga uwar da ta rasa ɗa, kuma abin da ke ci mini rai shi ne da wuya a zauna da irinta a warware mata rahoton da harshen da take ji.

To idan da gangan aka yi fa?

Nan aikin yake rabuwa biyu. Masu binciken hatsari dalili suke nema don a gyara, laifi kuwa sai alƙali. Jirgin kamfanin UTA na Faransa da ya tashi daga Injamena ranar 19 ga Satumba 1989 ya tarwatse a sararin hamadar Tenere ta Nijar da mutum 170. An tsinto tarkacensa cikin rairayi, aka kai Faransa aka sake harhaɗa gangar jikinsa, aka tabbatar bam ne a cikin kayan fasinja. A 1999 kotun Faris ta yanke wa 'yan Libiya shida hukunci a bayan idonsu.

Ba ƙaddara ba ce?

Ƙaddara ce, babu musu. Amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Shawarwarin da ke ƙarshen kowane rahoto su ake bi a sauya horon matuƙa da yadda kanikawa ke duba jirgi kafin ya ɗauki fasinja.