Waiwaye: 'ya'yan gaba da Fatiha a tsofaffin zane-zanen Turai

A babban gidan adana zane-zane na birnin Brussels akwai hoton wani mutum da Rogier van der Weyden ya zana wajen shekarar 1460. Mutumin ya kafa doguwar hula, ya riƙe kibiya a ƙirjinsa, ga sarƙar zinare a wuyansa irin wadda sai manyan fadawa ake rataya wa. Akasarin masana sun tafi a kan cewa Antoine ne, ɗan Philip mai mulkin Burgundy, wanda aka haifa a 1421. Laƙabinsa a fada da fagen fama shi ne Babban Shegen Burgundy, kuma ba a bayan idonsa ake faɗa ba. Haka ake rubuta shi a takardu, haka yake amsawa. Kafin shi an yi Jean, Shegen Orléans, wanda ya tsare garin tare da jarumar Faransa Jeanne d'Arc a 1429 lokacin da sojojin Ingila suka yi masa ƙawanya, daga baya aka naɗa shi mai sarautar Dunois.

Wanda ya jera tsofaffin hotunan Turai da suka shafi haihuwar gaba da Fatiha, daga wancan zamani zuwa ƙarni na 19, zai lura da abu guda: uban yaro yana ta ja da baya daga cikin hoton, har ya ɓace ƙurmus, a bar uwa ita kaɗai.

A farko uban shi ne abin tinƙaho. Ɗan basarake da aka haifa a waje yana ɗaukar tambarin gidan ubansa a garkuwa da tuta, sai dai a gitta masa wani siririn layi don a san ba shi ne magaji ba. Wiliyam na Nomandi ya wuce nan ma. An haife shi a Falaise wajen 1028, ubansa Robert bai auri uwarsa Herleva ba, amma da uban ya mutu a 1035 yaron aka ɗora a karaga. Marubutan tarihin zamanin sun ruwaito cewa mutanen Alençon sun taɓa rataya fatu a ganuwarsu don su yi masa gorin dangin uwarsa majema ne, da ya ci garin kuwa ya sa aka yanke wa masu gorin hannuwa da ƙafafu. Dogon ƙyallen nan na Bayeux, mai tsawon kusan mita 70, wanda aka yi wa ado da zaren ulu don ba da labarin yadda ya ci Ingila a 1066, bai ambaci haihuwarsa ko sau ɗaya ba. Amma akwai wurin da aka nuna shi zaune tsakanin Odo da Robert na Mortain suna shawara, su ukun kuma 'ya'yan Herleva ne.

Dokar Ingila dai ba ta yi sassauci ba. Malaman coci sun so a ce idan iyaye suka yi aure daga baya, to ɗan da suka haifa kafin auren ya halatta. A taron Merton na 1236 manyan masu ƙasa suka ce atafau ba za a canza dokokin Ingila ba. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne, gadon gonaki ne. Wannan ƙin ya zauna daram kusan shekara 700.

Da aka ƙware wajen sassaƙa zane a farantin tagulla a shafa tawada a buga ɗaruruwa, sai hoto ya fita daga fada ya shiga kasuwa, zancen haihuwa kuma ya zama makamin siyasa. Sarkin Ingila Charles na Biyu ya amsa 'ya'ya fiye da goma da ya haifa a waje, matarsa ta aure kuwa ba ta haifa masa magaji ba. Babban ɗansa, James mai sarautar Monmouth, ya sauka Lyme Regis a watan Yunin 1685 yana da'awar an ɗaura wa uwarsa Lucy Walter aure da ubansa. Aka ci shi da yaƙi a Sedgemoor, aka fille masa kai ranar 15 ga Yuli, masu ɗab'i kuma suka buga labarin tawayen nasa a jikin katin karta. Shekara uku bayan nan aka juya makamin kan baffansa, Sarki James na Biyu. Da matarsa Mary ta haifi namiji a Yunin 1688, masu gudun kada Katolika su gaje sarauta suka baza cewa jaririn ba nata ba ne, wai a cikin kaskon ɗumama gado aka shigo da shi ɗakin haihuwa. Masu zane na Holan, irin su Romeyn de Hooghe, suka kama zancen: sai a zana jaririn da ɗan abin wasa mai siffar injin niƙa na iska, alamar wai ɗan mai niƙa ne. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta yi aikin da aka ƙirƙire ta dominsa, don kafin shekarar ta ƙare sarkin ya tsere Faransa.

Wannan duk rigimar manya ce. A wajen talaka tambayar guda ce tak: wa zai ciyar da yaron? Tun dokar 1576 alƙalan gunduma na da ikon tilasta wa iyaye biyan kuɗin reno don kada nauyin ya faɗo kan asusun unguwa. Dokar 1624 ta fi muni. Matar da ba ta da aure idan ta ɓoye mutuwar jaririnta, ana ɗauka ita ta kashe shi, sai in ta kawo shaidar cewa a mace aka haife shi, hukuncin kuma rataya ne. Sai a 1803 aka soke ta.

William Hogarth ya zana wannan duniyar da idon wanda ya san kotunan Landan. A wani zanensa na wajen 1729, wanda yanzu yake birnin Dublin, kuma aka buga shi a takarda ya yaɗu, wata budurwa mai ciki tana rantsuwa a gaban alƙali cewa wani dattijo mai hali ne ya yi mata. Dattijon ya ɗaga hannuwa sama yana neman agajin Ubangiji, matarsa ta dunƙule hannu tana nuna shi, wani saurayi kuma yana raɗa wa budurwar magana a kunne, kowa ya gane shi ne mai aika-aikar. Can gefen alƙali wata 'yar yarinya na koya wa kare tsayuwa da ƙafa biyu, wato yadda ake horar da karen haka aka horar da mai rantsuwar. Hoton yana da ban dariya, amma a ganina ya yi wa mata illa, domin ya cusa wa masu kallo cewa duk macen da ta ambaci sunan uba maƙaryaciya ce mai neman kuɗi. Dokar 1733 ta ba da damar kama mutumin da mace ta rantse a kansa har sai ya kawo mai tsaya masa, kuma irin wannan zargi na ƙarya shi masu adawa da dokar suka riƙa kafa hujja da shi har tsawon ƙarni guda.

Shi dai Hogarth ɗin ne kuma ya tsaya wa gidan renon jariran da aka yasar. Thomas Coram, maƙerin jiragen ruwa da ya yi zama a Amurka, ya gaji da ganin jarirai yashe a titunan Landan, ya yi shekara 17 yana bin ƙofofin manya kafin ya samu takardar izinin sarki ranar 17 ga Oktoba 1739. Aka karɓi yaran farko a watan Maris na 1741. Masu kawo yara suka yi yawa har aka koma ƙuri'a: uwa ta zura hannu a jaka, farar ƙwallo an karɓi ɗanta, baƙa ta koma da shi, ja ta jira ko wani zai faɗi gwajin lafiya. Kowane yaro ana sake masa suna, don haka uwaye kan bar wata 'yar alama, rabin kwabo, guntun ƙyalle, maɓalli, ko ɓawon ƙwaya, ko da wata rana hali zai samu su dawo. Kaɗan ne suka dawo. Tsakanin 1756 da 1760 majalisa ta ba da kuɗi a karɓi duk jaririn da aka kawo, aka kawo kusan 15,000, kimanin kashi biyu cikin uku suka mutu. Hogarth, wanda shi da matarsa Jane ba su haihu ba, ya ba gidan hoton Coram kyauta a 1740, ya zana masa tambari mai ɗauke da jariri tsirara ya miƙa hannu, ya kuma jawo abokansa masu zane suka cika bangon da ayyukansu don masu kuɗi su zo kallo su bar sadaka. A hotunan gidan akwai uwaye masu kuka, akwai attajirai masu taimako. Uban yaro babu shi.

A fada kuwa ba a fasa ba. Yarima William mai sarautar Clarence ya zauna shekara 20 da fitacciyar 'yar wasan kwaikwayo Dorothea Jordan, suka haifi 'ya'ya goma. A 1791 James Gillray ya zana shi yana kutsa kai cikin wani tsagaggen fo mai ƙafafun mace, saboda sunan matar ya yi daidai da yadda 'yan gari ke kiran kaskon fitsari. Yariman aka nufa, amma ita aka mayar kasko. Ya rabu da ita a 1811, ta mutu cikin bashi kusa da Paris a 1816. Ya hau gadon sarauta a 1830, a 1831 ya ba babban ɗansu sarautar Munster, sai dai kambun ya wuce ga 'yar ƙaninsa Victoria a 1837.

A zamanin wannan sarki mai 'ya'ya goma a waje aka zartar da sabuwar dokar talakawa ta 1834, wadda ta ɗora nauyin ɗan gaba da Fatiha kacokan a kan uwarsa, in ta kasa kuma sai gidan aikin gajiyayyu. Jama'a suka yi ca, har a 1844 aka dawo wa uwa da damar kai ƙarar uba, amma sai ta kawo ƙarin shaida bayan rantsuwarta. Masu zanen zamanin Victoria sun koma tausayi: a zanen Richard Redgrave na 1851, wani tsoho ya buɗe ƙofa yana korar 'yarsa da jaririnta cikin dusar ƙanƙara, 'yan uwanta na roƙonsa. Uban da ake gani a nan na yarinyar ne, wanda ya yi cikin ko inuwarsa ba a zana ba.

Sai a 1926 majalisar Birtaniya ta warware abin da aka ƙulla a Merton, ta ce auren iyaye daga baya yana halatta ɗa. A 1969 aka ba irin waɗannan 'ya'ya rabo a gadon iyayen da suka mutu ba wasiyya, a 1987 kuma aka share yawancin bambancin da ya rage a dokar Ingila da Wales. Sarautun gado na manyan gidaje da kambun sarki ne aka keɓe, har yau ɗan aure kaɗai ke gadonsu.